Layi na Shida

Litinin, 3 ga Maris

Baƙo,

Sallama da gaisuwa mai yawa. Ina fata kana lafiya, kai da abokan waƙarka, Gajere da Mai Gilashi. Ya jikin Goggo? Ka ce mata ƙafar nan ba za ta daina kumburi ba muddin tana wuni a tsaye a kicin. Ni lafiya lau, sai ciwon wuyan nan da abin kunne ya bar mini. Shekara goma sha tara ina zaune gaban allon haɗa waya a ofishin tarho, ai dole jiki ya fara ƙorafi.

Kada ka ce ka zama babban mutum, in daina kiranka Baƙo. Ko hotonka ya cika gari, a wurina kai ne dai jikan ƙanwar kakarmu da aka kawo mana hutun mako biyu ya yi shekara huɗu, ya cinye mana sukari, ya gaji takalman Auta tun kafin Auta ya gama da su.

Kaset ɗinku ya iso ranar Alhamis. Ban buɗe ba. Na ɗora shi a kan firji, in na wuce in kalle shi, in ɗauke kai. Ga ku nan ku huɗu a kan matakala, ga Auta a can sama cikin rigar nan mai ruwan ƙasa da na ce kada ya sa, don ta yi masa yawa tunda ya rame. Bai taɓa jin maganata a kan tufafi ba. Sai ranar Asabar, bayan na gama shara da wanki, na ga ba ni da sauran abin fakewa, na sa shi a rediyo.

Gajere ya fara, kai ka bi, Mai Gilashi ya shigo. Sai muryar ƙasa, mai kaurin nan ta Auta, ta taso. Baƙo, ban san lokacin da na zauna a daɓe ba. Kusan wata shida rabona da muryar ƙanena. Na yi kuka har kaset ya kai ƙarshe ya tsaya da kansa, na juya shi na ci gaba da kukan. Ka san ba ni da muryarsa a ko'ina. Kullum ina cewa zan sayi rediyo mai ɗaukar magana, kullum ina cewa sai wata mai zuwa, har ciwon ƙirjin nan ya tafi da shi. Ashe ku kun ajiye mini shi.

A nan kuwa abin ba a magana. Mai shagon kaset na bakin titinmu ya ce kwali uku ya sayar cikin kwana biyar, yanzu sai mutum ya rubuta suna ya jira. Tasi biyu na shiga makon nan, duka waƙarku suke sa. Ka tuna mutumin hawa na biyu, wanda yake fitowa da tsintsiya in kun taru kuna gwaji a matakalar benenmu? Yanzu shi ne yake tare baƙi yana nuna musu wurin, wai nan 'yan Matakala suka samo sunansu, kuma wai shi ya fara ba ku ƙwarin gwiwa. Na dube shi kawai na wuce.

Abin da ya fi taɓa ni a wurin aiki ne. Jiya wata mata ta kira tana neman a haɗa ta da asibiti, ina riƙe da ita a layi, sai na ji a bayanta rediyo yana yi. Auta ne yake waƙa a falon mutanen da ban sani ba, su ma ba su san yayarsa ce take riƙe da wayarsu ba. Sai da matar ta ce “halo” sau uku kafin na dawo hayyacina.

Abokiyar aikina ta tambaye ni yadda nake bambance muryarsa a cikin huɗu. Na yi mata dariya. Ni da mutum zai kira sau ɗaya bara, bana ya buɗe baki in faɗa masa lambar da yake nema, ni ce zan ɓata muryar yaron da na goya?

Allah ya saka muku da alheri, ya jiƙan Auta. Ka rubuto mini komai, kada ka yi mini irin wasiƙarka ta layi uku.

Yayarka

Laraba, 19 ga Maris

Yaya,

Na amsa sallamarki. Takardarki ta same mu lafiya. Goggo tana gaishe ki, ta ce ƙafarta ce ba taki ba. Ki daure ki nuna wa likita wuyan nan. Gajere da Mai Gilashi suna gaisuwa.

Kin ce in faɗa miki komai, to ga abin da ya samu. Kamfani ya fara buga kwafi dubu ashirin, Manaja yana tsoron kada su yi kwantai. Ba su kwana goma ba. Yanzu bugu na huɗu ake yi, ma'aikatar kaset har Asabar da Lahadi take aiki, kuma an ce mun wuce dubu ɗari biyu, ban da na masu satar bugu da ake zubawa a faranti a tasha. Mako biyar ke nan waƙarmu ce ta ɗaya a jerin gidan rediyo. Ni da nake yawo da takalmi ɗaya, yanzu ba na iya shiga kasuwa sai da hular sanyi da gilashi. Shekaranjiya mai aski ya ƙi karɓar kuɗina, ya ce in dai yi masa baiti ɗaya.

Mun ɗauki mutum na huɗu saboda wasannin da ake gayyatarmu. Yaron kirki ne, muna kiransa Sabon Shiga. Ba wanda ya ce ya maye gurbin kowa.

Na karanta wasiƙarki sau da yawa. Yaya, da za ki ji shawarata, kada ki riƙa yawan sa kaset ɗin nan. Ki ɗan ajiye shi. Ba komai ne ke cikin kaset yake kamar yadda mutum yake a raye ba, kuma ba na son ki riƙa zama ke kaɗai a ɗaki da shi.

Akwai kuma wata magana. Ranar ashirin da shida ga Afrilu kamfani zai yi taro da rana a babban zaure, za a ba mu faifan zinariya saboda yawan abin da aka sayar. Manaja ya ce zai aiko miki da katin gayyata, ki karɓi na Auta. In ya iso, ni dai ina ganin ki yi zamanki. Tafiyar kwana guda ce a mota, ga wuyanki, ga cunkoso da hayaniya da 'yan jarida. Ba wurinki ba ne. Ni da kaina zan kawo miki faifan in abubuwa sun lafa.

Ki yi haƙuri da gajartar takardar, mota tana jira a waje.

Ƙaninki,
Baƙo

Juma'a, 28 ga Maris

Baƙo,

Gaisuwa. Muna lafiya, ina fata ku ma haka. A gaida Goggo.

“Ba wurinki ba ne.” Na sa gilashi na sake karantawa, ko idona ne. Haka dai ka rubuta.

Katin Manaja ya riga wasiƙarka isowa da kwana biyu. Kafin taka ta zo na riga na nemi hutun kwana uku, shugabarmu ta sa hannu, na kai wa tela yadi, na tambayi kuɗin mota. Har na fara gwada abin da zan faɗa in an miƙo mini makirufo, ina wanke kwanuka ina maimaitawa kamar 'yar makaranta. Sai ga ka da maganar wuyana. Yaushe wuyana ya fara damunka? Lokacin da nake ɗauko muku ruwan zafi da zuma daga hawa na uku zuwa ƙasa don kada muryarku ta dushe, da wannan wuyan nake yi.

In kunyata kake ji, ka faɗa kai tsaye. Na san ban iya kwalliyar mutanen da kuke hulɗa da su yanzu ba, kuma in na yi dariya har ƙarshen titi ake ji. Amma ba don kai zan zo ba. Ƙanena za a kira, kuma ba shi da wanda zai miƙe in ba ni ba.

Ka ce in ajiye kaset. Me ya rage mini in na ajiye? Da safe shi nake sawa kafin in fita, in na dawo tun kafin in cire takalmi nake dannawa. Na haddace har wurin da zaren yake ɗan rawa. Bari in faɗa maka wadda na fi so, waƙa ta huɗu, wadda jita take yin shiru sai Auta ya shigo shi kaɗai. Akwai wurin da ya ja murya, ya ja, ya ja, har na ƙirga da yatsa, bai yanke ba. Yaron da ya dawo mini daga wurinku ba ya iya hawa benen nan sai ya zauna sau biyu a hanya. Duk lokacin da na ji wurin nan sai in ce Allah ne ya ara masa ƙarfi na kwana goman nan da ya yi kuna ɗaukar waƙoƙin don ya bar abin da za a tuna shi da shi. Wannan ne yake sanyaya mini zuciya, kai kuma kana cewa in sa shi a akwati.

Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye maka ba. Ban mayar da hutun ba tukuna. Ina jiran amsarka. In ka ce in zo, zan zo kamar ba a yi komai ba.

Yayarka

Lahadi, 27 ga Afrilu

Baƙo,

Ina fata kuna lafiya. Ni ban san abin da zan ce game da tawa lafiyar ba.

Wata guda na yi ina leƙa akwatin wasiƙa, ba ka amsa ba. Na ɗauki shirunka a matsayin amsa, na mayar da hutun, na ninke sabuwar rigar na sa a ƙasan akwati. Jiya na tafi aiki kamar kullum.

Da lokacin hutun rana ya yi, abokan aikina suka ja ni ɗakin shan shayi, wai gidan rediyo yana watsa taronku kai tsaye. Na je don kada a ce ina baƙin ciki. Na ji an kira sunan Auta, an yi shiru na minti ɗaya, na ji kai ka karɓi faifansa. Na daure. Sai mai gabatarwa ya ce za ku yi waƙa ta huɗu da baki kawai, ba kiɗa ba kaset, don jama'a su san ba inji ne yake yi muku ba. Gajere ya fara ba daidai ba, ya yi dariya, zauren ya yi dariya, kuka sake farawa. Ka ga ke nan ba kaset aka sa ba.

Sai aka zo wurin nan, muryar ƙasa ta shigo ita kaɗai.

Kofin da ke hannuna ya faɗi. Abokiyar aikina ta riƙe ni tana cewa ai sabon yaron ne, ya iya kwaikwayo. Ba sabon yaron ba ne, na ji shi a tsakiya, a wurin da kai kake yi a da. Wanda ya yi muryar ƙasa jiya shi ne wanda yake cikin kaset ɗina. Jan nan ɗaya ne, inda yake ɗan lanƙwasawa a ƙarshe ɗaya ne. Ƙanena kuwa wata bakwai ke nan yana kwance.

Ban koma gaban allo ba, na ce kaina yana ciwo. Tun jiya ban taɓa rediyon ba.

Tambaya ɗaya zan yi maka, kuma don girman Allah kada ka amsa mini da maganar wuyana. Wane ne yake waƙa a cikin kaset ɗin da ka aiko mini?

Yayarka

Talata, 6 ga Mayu

Yaya,

Ina gaishe ki, in za ki karɓi gaisuwata. Goggo lafiya. Ba ta san abin da zan rubuta ba, ba kuma wanda ya sani sai mu uku da Manaja da Injiniyan ɗakin ɗaukar waƙa.

Ni ne, Yaya. Duka waƙoƙi taran, muryar ƙasa tawa ce.

Sau huɗu na fara amsa wasiƙarki ta ƙarshen Maris ina yagawa. Ban taɓa jin kunyarki ba. Tsoro nake ji ki zauna a kujerar gaba ki ga bakin da muryar take fitowa. Na zaɓi ki ɗauke ni mai girman kai, na ga kamar ya fi sauƙi. Ban san za a watsa a rediyo ba.

Bari in faɗa miki yadda aka yi, ba don in wanke kaina ba. Kamfani ya kama mana ɗakin ɗauka na kwana goma sha biyu a watan Agusta. Auta ya yi kwana goma yana waƙa. A tsaye ya fara, daga rana ta uku sai a kan kujera, da ruwan ɗumi a gefensa. Yakan yi layi biyu ya tsaya ya yi tari, ya ɗaga hannu ya ce a ci gaba. Bai yarda an tsallake masa ko waƙa ɗaya ba. Mu kuma a cikin abin kunne, da kiɗa da muryoyinmu a kai, sai muka ji kamar ba laifi. Ko kuma haka muke so mu ji.

Ranar da na kai shi tasha zai dawo wurinki, ya leƙo ta tagar mota ya ce, “Baƙo, ka tsaya a kansu. Kada su rage mini murya, ka san Injiniya da son ta Gajere.” Na ce ya bar mini.

Da na koma, na tarar da Manaja a zaune. Babban tef ɗin da ake ɗauka a kansa faffaɗa ne, an raba shi layi takwas, kamar layukan allonki, kowane da abin da yake ɗauke da shi. Huɗu na kiɗa, huɗu namu. Auta yana layi na shida. Manaja ya sa Injiniya ya kashe sauran bakwai ya bar na shida shi kaɗai. Yaya, ban taɓa jin abu mai ciwo irin wannan ba. Ƙirjinsa yana fito a tsakanin kalmomi, murya tana karyewa a duk inda ya kamata ta tsaya. Ba wanda ya iya kallon wani.

Manaja ya ce wannan ba zai fita kasuwa ba. Ko dai a ɗauko wani daga waje ya yi, a cire sunan Auta da hotonsa, ko ɗaya daga cikinmu ya yi, a bar komai yadda yake, kowa ya yi shiru. Gajere ya dube ni. Kin san tun muna yara nake kwaikwayon Auta don a yi dariya. Nakan tsaya a ƙasan bene in kira ki da muryarsa, ke kuma ki leƙo ki ce, “Baƙo, na gane ka, hau ka wanke kofin da ka bari.” Ban taɓa ruɗa ki ba ko sau ɗaya.

Babu layin da ya rage a tef ɗin. Duk wanda zai yi, a kan na shida zai yi, kuma in aka ɗora sabo, na ƙasa ya tafi ke nan. Na roƙi Injiniya ya fara juye layin Auta a ƙaramin kaset in ajiye. Ya ce ƙaramin injin yana wurin gyara, sai jibi za a dawo da shi. Manaja ya ce jibi wasu ne suka kama ɗakin. Suka zuba mini ido. Da na ce a jira, ko na fita na aro wani injin, ko na ɗauko rediyon mai gadi na kara a bakin lasifika, da yanzu kina da shi. Ban yi ko ɗaya ba. Na ce a raina Auta zai warke, za mu yi faifai na biyu, zai yi wanda ya fi wannan. Na sa abin kunne na ce, “Mu je.” Wannan maganar daga bakina ta fito, ba daga na Manaja ba.

Kwana biyu na yi a tsaye a wurinsa. Injiniya yana danna jan maɓalli, jar fitila ta kama, in fara. Na san duk daƙiƙar da fitilar nan take ci, wani abu na Auta yana gogewa. Da ya kira waya bayan mako guda yana tambayar yadda aikin ya fito, na ce ya fito da kyau. Ya yi dariya har tari ya kama shi. Bai taɓa sani ba.

Abu ɗaya ya rage. A waƙa ta huɗu, da yake muryar ƙasa ce take shigowa ita kaɗai, Injiniya ya bar tef ya tafi don in kama wurin shiga, sai ya ɗan makara wajen dannawa. Bayan jita ta yi shiru, kafin kalmar farko, akwai jan numfashi guda ɗaya. Wannan na Auta ne. Injiniya ya so ya share shi, wai ƙazanta ce a aiki. A nan kaɗai na yi taurin kai.

Faifan zinariyar yana ƙarƙashin gadona a cikin kwalinsa. Duk wanda ya tare ni ya ce marigayi ya fi mu duka murya, sai in ce gaskiya ne, kuma gaskiyar ce. Ki yi duk abin da kika ga dama da wannan takarda. In kin kai wa 'yan jarida, ba zan musa ba.

Ki yafe mini, in za ki iya.

Ƙaninki,
Baƙo

Alhamis, 17 ga Yuli

Baƙo,

Gaisuwa. Na ji Goggo ta kwanta asibiti kwana biyu, Allah ya ƙara sauƙi, ka ce mata ina nan ina yi mata addu'a. Ni ina nan. Na ga likita, ya ba ni abin ɗaura wa wuya, ina sawa in na tuna.

Wasiƙunka biyu na bayan waccan sun iso, ban buɗe su ba. Ba don fushi kaɗai ba. Ban san da wace murya zan karanta su ba.

Ka kwantar da hankalinka a kan 'yan jarida. Me zan ce musu, a cire sunan ƙanena daga abu ɗaya da ya taɓa sa shi farin ciki? Ya rasu yana ganin ya bar wani abu, kuma na gode da ba ka ƙwace masa wannan ba. Waƙar da ka yi a wurinsa ma na fahimta, da ni ce a ɗakin wataƙila ni zan tura ka gaban makirufo. Ƙaramin kaset ɗin nan ne ya tsaya mini a wuya. Kwana biyu, Baƙo. Da tarin, da karyewar, da duk abin da Manajanku ya ji ya kawar da kai, ni haka nake son abina. Ai da wannan muryar ya kira ni a watansa na ƙarshe. Ban ce na yafe ba, ban kuma ce ba zan yafe ba. Ka ba ni lokaci.

Ga abin da ban faɗa wa kowa ba. Bayan wasiƙarka na jefa kaset ɗin a durowa, na ce ba na bukatarsa, ai ina da muryar yarona a kaina. Na zauna a bakin gado na rufe ido, na ce bari in ji shi yana kirana daga ƙasan bene kamar da. Muryar ta zo. Taka ce. Na sake gwadawa da safe, na gwada a mota, na gwada a gaban allo tsakanin kira da kira. Kullum kai ne kake amsawa. Wata biyu na yi ina ɗura muryarka a kunnena safe da yamma ina kiranta Auta, har ta zauna a wurin tasa. Ni da nake cika baki ba na ɓata murya. Da kuna yara ba ka taɓa ruɗa ni ba, don a lokacin ba na bukatar a ruɗe ni.

Saboda haka ina roƙonka, kada ka kira ni a waya tukuna. In da magana, ka rubuto. Ranar nan wani ya kira daga nesa, muryarsa mai kauri, sai da na cire abin kunne na fita baranda.

Har yanzu ana sayen kaset ɗinku a nan. Mai shago ya manna hotonku babba a ƙofa, ya sa baƙin ƙyalle a kusurwar da Auta yake. Makon jiya a tasi direba ya ƙara sauti a waƙa ta huɗu, ya ce da ni, “Hajiya, kin ji wannan? Ai shi ne ya rasu. Irin wannan murya ba a sake yin ta.” Na ce Allah ya jiƙansa, na sauka tun ban kai gida ba.

Ranar na ciro kaset ɗin daga durowa. Na kai shi waƙa ta huɗu, na ƙure sauti, na kara kunnena a jikin rediyo. Jita ta yi shiru. Sai na ji shi. Ja ɗaya, da ɗan siririn fiton nan a ƙarshensa, wanda na yi wata guda ina saurare daga kicin don in san ko yana lafiya. Ba sai an faɗa mini ba. Sau ɗari na wuce ta kansa a baya, ina gaggawar in kai ga muryarka.

Yanzu haka nake yi. In ya ja numfashin sai in danna tsayawa kafin ka shigo, in ciro kaset, in sa biro in mayar da zaren baya kaɗan, in sake. Na iya har ba na kuskure. Ka yi haƙuri, ba na barinka ka fara.

Sai dai zaren ya fara cinyewa a daidai wurin, ya yi laushi ya tattare. Jiya da ƙyar na ji shi. Na je shago, mai shago ya ce sun ƙare, in rubuta suna in jira. Ka bar faifan zinariyar a wurinka, ba ni da inda zan rataye shi. Ka aiko mini da kaset biyu, ko uku in da hali, na kamfani ba na tasha ba, kuma ka aiko da wuri.

Yayarka